Tafintan Japananci na Unguwar Jarwal

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta ranar Juma'a a gidan Baffana a unguwar Jarwal ta Makka ba, ranar da na zauna a gaban dattawa goma sha ɗaya ina fassara musu yaren da ban san ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi, in miƙe in kama wani aikin da ba wanda ya sa ni.

Abin ya faru wajen shekara goma bayan yaƙin duniya na biyu, ina saurayi ɗan ashirin da huɗu. A hanya aka haife ni, a wani gari na Sudan, lokacin da iyayena suke tahowa daga ƙasar Kano a ƙafa, kuma ina jin tafiyar nan ce ta shiga jinina. Ba na iya zama wuri ɗaya. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai ƙanensa Baffa Haruna ya riƙe ni. Baffa wakilin wani muɗawwifi ne, wato shi ke karɓar alhazan ƙasarmu, ya sauke su, ya kai su ɗawafi, ya raka su Mina da Arfa. Ni kuwa aikina a gidan shi ne shimfiɗa tabarmi, cika randuna, da nemo tsofaffin da suka ɓata tsakanin Harami da masauki. Na tsani aikin nan kamar me.

Abu ɗaya nake so a duniya: Baffa ya naɗa ni wakilinsa na bakin ruwa. Wannan shi ne mutumin da ke zuwa Jidda, wani lokaci ya haye teku har Sawakin ta Sudan, ya tari alhazai tun daga jirgi, ya yi magana da ma'aikata a madadinsu, ya taho da su. Wata uku a shekara ba ya kwana a Jarwal! Wanda ke riƙe da aikin ya tsufa, kuma mu biyu ake dubawa, ni da Sani mijin 'yar Baffa, wani bawan Allah mai sanyin hali da ko ƙamshin teku ya ji sai cikinsa ya juya. Ni abin taƙamata baki ne. Ina jin Hausa, Larabcin Sudan da na Hijaz, Barbarci, da ɗan Fillancin gaisuwa. Matsalar (gara in faɗa da kaina kafin ku gano) ita ce bakin nan nawa yakan riga kaina isa wuri.

A watan Rajab na shekarar Baffa ya ce zai gwada ni. Ya haɗa ni da wani abokinsa ɗan kasuwa, Balarabe mutumin ƙasar Hadaramautu, muka shiga jirgin ruwa daga Jidda zuwa birnin Adan, can kudu a bakin teku, don in sayo masa yadin ihrami da fitilu, domin a lokacin kayan Japan sun cika garin nan, ga araha. Cikin kwana biyu na gama sayayya. Saura kwana tara jirgin komawa ya tashi, sai na sakar wa ƙafafuna linzami.

Ku tuna daga inda na fito. A Makka ta wancan zamani kiɗa abin ɓoyewa ne. Masu garmaho suna nan, amma a ƙuryar ɗaki, taga a rufe, don in 'yan amru bil ma'arufi, wato dogaran hana saɓo, suka ji, sandarsu ce za ta gaisa da akwatin. Sai ga ni a garin da ana idar da magariba kowane gidan gahawa zai fito da nasa garmahon bakin ƙofa, wannan na Masar, wancan na Indiya, na gaba na mutanen Zanzibar, duk suna yi lokaci ɗaya. Ma'aikatan jiragen ruwa na kowace ƙasa suna kai da kawo, ga fitilu, ga ƙamshin soyayyen kifi. Ban taɓa gama kofin shayi a wuri ɗaya ba. Da na zauna nan sai in ji kiɗan can ya fi daɗi, in tashi. Har abokin Baffa ya gaji ya ce da ni, "Ya waladi, ɗana, ƙaya ce a wandonka?"

Rana ta huɗu na faɗa wani lungu, na tarar da kantin wani Ba'indiye, faifan garmaho tun daga ƙasa har rufi. Daga ranar na zama masa ƙarfen ƙafa. Da safe ina nan, da yamma ina nan, ban sayi komai ba, sai dai in taya shi kakkaɓe ƙura ya sa mini abin da nake so. Wata yamma ya zaro wani faifai mai jar takarda a tsakiya, da wani irin rubutu kamar an watsa tsinkaye. Ya ce wani ɗan Japan mai aikin jirgi ne ya bar shi, shekara guda ba wanda ya taya. Ya wana akwatin, ya ɗora allura.

Muryar mace ce, siririya, tana hawa tana karyewa irin ta mai son yin kuka tana dannewa, wani abin kaɗawa mai tsirkiya yana bin ta a hankali, kamar molo amma ya fi shi kaifi. Tsigar jikina ta tashi. Ban fahimci komai ba, amma na ji kamar duk rashin zaman nan da ke damuna ne wani ya ɗauka ya mai da shi waƙa. Sau biyar na sa ya maimaita. Na tambaye shi me take cewa, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Sai Allah, sai kuma 'yan Japan."

Washegari na sayar da agogon hannuna, na sayi faifan, da wani tsohon garmaho mai kama da ƙaramin akwatin tafiya, da gwangwanin allurai. Na shigo da su Jidda a tsakiyar ƙunshin yadin ihrami. (Eh, a cikin yadin ihrami. Na sani. Ba sai kun faɗa mini ba.)

A gida na ɓoye kayan a ɗakin ajiya na ƙasa, bayan tarin tabarmi. Kullum bayan azahar, in zafi ya kwantar da kowa, sai in lallaɓa in rufe ƙofa, in cusa tsohon rawani a bakin akwatin don ya rage sauti, in kwanta rubda ciki in kara kunne. Kwana goma ina haka lafiya lau. A rana ta goma sha ɗaya, tana tsakiyar waƙa, na ga haske ya faɗo a kan tabarma. Na ɗago, sai ga Baffa a tsaye, ya zo ɗaukar fitila.

"Esh hada?" in ji shi. "Mene ne wannan a cikin gidana?"

Baffa fa mutum ne da ko a bikin 'yarsa bai yarda an buga ganga ba. Na dubi fuskarsa, na ga Jidda da Sawakin da jiragen ruwa duk suna yi mini bankwana. Kaina bai gama tunanin ta inda zan fara neman gafara ba, na ji bakina yana cewa, "Baffa, ba waƙar banza ba ce. Addu'a ce."

"Addu'a? Da molo?"

"Haka suke yi a ƙasarsu, Baffa. Mutanen Japan ne. Musulmin can 'yan kaɗan ne, ba su da malamai sosai."

"Muryar mace nake ji."

"Tsohuwa ce. Ta haura saba'in. Makauniya ce ma. Roƙon Allah take yi ya kawo ta Makka kafin ta mutu."

Ya ɗan sunkuyo. Sannan ya ce, "Kai ta yaya ka sani?"

A nan ne Allah ya buɗe mini ƙofar fita. Da na ce mai kantin ne ya faɗa mini, da shi ke nan, laifin ya tafi Adan ya zauna. Amma ina! Ga dama ta nuna wa Baffa irin wakilin da zai samu. Na gyara zama na ce, "Ai na ɗan koyi yaren wajen ma'aikatan jirgi."

"A kwana goma sha ɗaya?"

"Ba shi da wuya, Baffa. Yana kama da Barbarci."

Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne zuciyar Baffa. Duk tsananinsa, ba abin da ke narkar da shi kamar labarin Musulmin da ke nesa. Shi da kansa shekara bakwai ya yi a hanya kafin ya ga Ka'aba, ya binne mutane da yawa da ba su iso ba. Ya jawo tabarma ya zauna ya ce, "Tayyib. Sa mini daga farko, kana faɗa mini a hankali."

Na wana, na ɗora allura, na fara. "Tana cewa, ya Ubangiji, ƙasata tana ƙarshen duniya, teku bakwai ne tsakanina da ɗakinka. Tana cewa, na tsufa, ƙafafuna sun mutu, amma zuciyata ta riga ta ɗaura ihrami." Akwai wani wuri da take maimaitawa sau huɗu, muryar ta yi sama ta karye. Na ce a nan cewa take, "Ka kai ni, ka kai ni." Da na waiwaya, hawaye na bin gemun Baffa. Ya ce, "Amin, baiwar Allah. Amin. Allah ya cika miki burinki."

Wallahi a lokacin na ji kunya. Amma kunyar ba ta kai nauyin daɗin da na ji ba da ya dafa kafaɗata ya ce, "Mashallah. Irin wannan kan ba na cika randuna ba ne. Bayan Salla za mu yi magana."

Da abin ya tsaya nan, da yanzu ba ni da labarin ba ku. To amma Baffa ba ya iya cin daɗi shi kaɗai. Kowace Juma'a bayan la'asar abokansa dattawan unguwa sukan taru a ɗakinsa na sama su sha shayi. Juma'ar nan ya sa aka rufe tagogi, ya sa na hauro da akwatin, ya ce, "Yau za ku ji abin da zai sa ku gode wa Allah da ya zaunar da ku a garin nan." Mutum shida ne ranar. Huɗu sun yi kuka. Duk inda ta zo wurin maimaitawar nan sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya, "Amin! Allah ya cika miki!"

Juma'a ta biyu suka zama tara. Ni kuma, tunda ba rubutawa na yi ba, kullum fassarar sai ta ɗan ƙara ƙiba. Na ba tsohuwar ɗa guda da ya mutu a yaƙi. Na ba ta kaza uku da take tara ƙwansu don guzuri. Wani dattijo ya tambaye ni sunanta, na ce Maryama.

Mutum ɗaya ne a gidan bai sayi kayana ba, wato Inna Hajara matar Baffa, wadda ke jin komai daga bayan labule. Ina sauko da tiren shayi ta tare ni a matakala.

"Kai, zo nan. Wancan makon ba ka ce makauniya ce ba?"

"Haka ne, Inna."

"To yau na ji ka ce kullum tana zama bakin teku tana kallon jirage."

"Da zuciya take kallo, Inna."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta karɓi tiren ta ce, "Allah ya shirye ka. Ni dai ba ruwana, amma ka sani kowace irin halitta tana zuwa garin nan."

Ranar Laraba da hantsi ina cika randa, Baffa ya dawo daga kasuwa fuskarsa fal murna. Ya ce, "Albishirinka! Ka san Ammi Yunusu mai turare?" Na san shi mana. Wani ɗan siririn dattijo ne mutumin tsibirin Jawa, can gabas mai nisa, mai kanti a ƙarshen layinmu, ya zo aikin hajji bayan yaƙi bai koma ba. Shekara takwas ina wuce shi muna gaisawa da Larabci.

"Na ba shi labarin Maryama," in ji Baffa. "Ashe lokacin da sojan Japan suka riƙe ƙasarsu, shekara uku ya yi yana musu aikin rubutu a tashar jiragen ruwa. Yana jin yaren kamar ruwa! Na gayyato shi jibi. Ka samu abokin hira."

Ruwan da nake zubawa ya cika randa ya malala har kan ƙafata ban sani ba.

Kwana biyun nan ban zauna ba. Na hau soro na sauko ya fi sau ashirin. Na tafi Harami na yi ɗawafi, na dawo, na sake komawa. Na yi tunanin fasa faifan, amma Baffa ya riga ya naɗe shi a koren ƙyalle ya kulle a akwatinsa tare da littattafansa. Na yi tunanin in je in faɗi a gaban Ammi Yunusu in roƙe shi ya rufa mini asiri. Sau uku ina zuwa bakin kantin, sau uku ina sayen turaren da ba na bukata in dawo. Ranar Alhamis na kwanta na ce zazzaɓi nake yi. Inna Hajara ta taɓa goshina, ta yi murmushi, ta dafa mini filasko, wanda a nan ake kira sanamaki, ta tsaya a kaina sai da na shanye kofi guda. Wanda ya san aikin filasko ya san yadda na ƙarasa wunin nan. Na warke dole.

Dabara ɗaya ta rage. Da safiyar Juma'a na ɗauke gwangwanin allurai na jefa shi a bayan buhunan gawayi.

Bayan la'asar ɗaki ya cika, mutum goma sha ɗaya. Ammi Yunusu ya zo da farar hularsa, aka ba shi wuri kusa da Baffa. Aka zuba shayi, aka rufe tagogi, Baffa ya kwance koren ƙyalle da hannunsa. Na buɗe akwatin garmahon, na laluba nan, na laluba can, na dafe kai na ce, "Inna lillahi! Baffa, allurai sun ɓata. Kuma ba a samunsu sai a Adan." Dattawa suka hau jimami. Ni kuwa a zuciyata har na fara hamdala.

Sai wani tsohon tela, Malam Adamu, wanda ya daɗe a Sudan, ya ajiye kofinsa ya ce, "Allura ce matsalar? Ai mu can da ƙaya muke yi." Ya miƙe da kansa, tsoho mai ciwon gwiwa, ya sauka har madafa, ya ɓallo ƙaya daga itacen girkin Inna, ya fere ta da 'yar wuƙarsa, ya ɗaura a wurin allurar. (Shekara da shekaru ina gaishe da mutumin nan da ladabi. Ban san me na yi masa ba.) Aka wana akwati. Ta yi. Sautin ma ya fi laushi.

Baffa ya ce, "Bismillah, ya waladi. Fassara."

Na fara da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji. "Tana cewa, ya Ubangiji, ƙasata tana ƙarshen duniya." Ban yarda na dubi Ammi Yunusu ba sai da aka kai rabi. Da na saci kallonsa, na ga ya rufe ido, leɓunansa suna motsi. Bin waƙar yake yi. Ba yaren kaɗai ya sani ba, waƙar kanta ya sani. Aka zo wurin maimaitawa, dattawa suka ɗauka, "Amin! Allah ya cika miki!" Sai na ga ya buɗe ido firgigit, ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya dube ni. Gumi ya jiƙa mini riga har baya.

Faifai ya ƙare. Baffa ya share ido ya ce, "To, Ammi, ka ji. Yaya ka ga fassarar ɗan namu?"

Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, ya so ya cece ni. Ya juya kofinsa ya ce, "Muryarta da daɗi. Na daɗe ban ji irinta ba." Ya kurɓi shayinsa.

"A'a, ku ɗan taɓa mana yaren mu ji," in ji Baffa. "Yalla, Ammi, yi masa magana."

Ammi Yunusu ya dube ni da tausayi, ya faɗi wasu 'yan kalmomi gajeru, a hankali, yadda ake yi wa yaro mai koyon magana. Ido ashirin da biyu suna kaina. Na san duk duniya da gaisuwa ake farawa, don haka na yi murmushi, na dafa ƙirji na ce, "Alhamdu lillahi." Na ƙara da wani sauti ta hanci don ya yi kama da na Japan.

"Me ka ce masa?" in ji Malam Adamu.

"Sunansa na tambaye shi," in ji Ammi Yunusu.

Wani ya yi tari. Baffa bai dube ni ba. Ya ajiye tasbaharsa a kan tabarma ya ce, "Ammi, don girman Allah, faɗa mana abin da matar nan take cewa. Kada ka rage komai."

"Ya Sheikh Haruna, a bar maganar."

"Na haɗa ka da Allah."

Ya numfasa. Ya ce da farko dai ba tsohuwa ba ce, yarinya ce, kuma idonta garau. Tana aiki a gidan giya a bakin tashar jiragen ruwa. Wani ma'aikacin jirgi ya yi mata alkawari zai dawo, bai dawo ba, ga ruwan sama ana yi, ita kuma tana zuba wa baƙi tana sha. Babu Makka a ciki, babu kaji.

"To wurin nan fa da take maimaitawa?" in ji wani dattijo daga lungu. "Inda muke cewa amin?"

Ammi Yunusu ya sunkuyar da kai ya ce, "Cewa take a ƙara cika mata kofi."

Dattawa suka dubi juna. Malam Adamu ne ya fara. Ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa, ya ce, "Mu kuwa muna ta Allah ya cika miki!" Sai ɗakin ya fashe. Dattawa masu furfura suna dariya suna istigfari, suna istigfari suna dariya. Daga bayan labule na ji muryar Inna Hajara tana cewa, "Da zuciya take kallo!" Na so ƙasa ta tsage in shige, amma a bene muke, ko ta tsage a madafar Inna zan faɗo.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Ɗaya Ammi Yunusu. Da zai fita na kawo masa takalmansa, ya ce da ni a hankali, "Sojojin nan in sun sha, ita suke rerawa. Ban zaci zan sake jin ta ba, balle a nan." Na ajiye masa takalman. Ban taɓa tunanin abin wasana zai iya zama ciwon wani ba.

Na biyun Baffa. Bayan kowa ya watse ya bar ni a tsaye, yana naɗe koren ƙyallensa a hankali, ba faifai a ciki. Na durƙusa na ce, "Baffa, ka yafe mini."

"Ka san Juma'a uku ke nan ina tsayawa a jikin Ka'aba ina yi wa matar nan addu'a?" in ji shi. "Da sunan da ka ba ta."

Na kasa ɗaga kai.

"Wannan ban yi nadama ba. Yarinyar da ke zuba wa mashaya giya ta fi makauniyar tsohuwa bukatar addu'a, kuma zan ci gaba da yi mata. Allah ya san sunanta na gaskiya." Ya ajiye ƙyallen. "Amma ka yi tunani. Tsohuwar gaske za ta sauko daga jirgi a Jidda, ta shekara biyar a hanya, ta miƙo maka takarda ta ce, ɗana, me aka rubuta a nan? Kai kuma in ba ka gane ba sai ka tsara mata mai daɗi. Dattawan nan dariya kawai suka yi. Ita hajjinta za ta rasa. Kalas, magana ta ƙare, Sani ne zai tafi bakin ruwa."

Bai daka mini tsawa ba, bai zage ni ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Garmahon da faifan suka koma Adan a hannun abokin Baffa. Bayan Salla ni na ɗauki jakar Sani na raka shi tashar mota, yana ta tambayata ko akwai maganin amai na cikin jirgi, ni kuwa ina kallon hanyar Jidda kamar in yi kuka. Motar ta tashi, na dawo na ci gaba da cika randuna. Shekara shida na ƙara a kan aikin nan kafin Baffa ya sake yarda ya aike ni ko da Jidda, kuma har dattawan nan suka ƙare ba wanda ya sake kirana da sunana, sai Tafinta.

Ba zan ce muku daga ranar na daina ƙarya ba, don kada in ƙara wata a kan na baya. Abin da na koya dai shi ne, in mutum ya matsu sai ya yi ƙarya a Makka, to ya nemi wani abin ban da yare. Duk harshen da Allah ya halitta, mai shi yana nan tafe. In bai zo bana ba, zai zo baɗi. In kuma ka yi rashin sa'a irin tawa, ya riga ya zo, yana ƙarshen layinku yana sayar maka da turare.